Jan Kwaɗon Isa

Duk ranar Juma'a da yamma, idan muka haɗu a kasuwar Asian Town muna shan shayi, sai an samu wani cikin samarin nan namu da suka zo Doha da sabbin takardu ya ce, "Baba Tukur, ai ku kun huta. Inji ke ɗauko kaya, inji ke mayarwa, ku danna maɓalli kawai kuke yi." Ba na jin haushi. Dariya nake yi, don mai faɗin haka ko tsanin ɗaki bai taɓa hawa da sifana a baki ba. Amma tun da maganar ta ƙi ƙarewa, bari in zauna in faɗa muku yadda aikin yake, kowa ya huta.

Ni mai gyaran na'urorin sito ne. Hukumar da ke kula da motocin bas na haya tana da wani babban sito inda take ajiye kayan gyara: birki, fambel, boris, fitilu, kwamfuresan esi mai sanyaya mota, duk abin da bas zai nema. Kada ku ɗauka irin siton gida ne, wanda mutum zai miƙa hannu ya ɗauko. Kantoci ne na ƙarfe a jere, tsayinsu ya kai bene mai hawa da yawa, kuma tsakanin jere da jere akwai siririn layi wanda mutum biyu ba sa gittawa a ciki. A kowane layi akwai wata doguwar na'ura mai gudu a kan dogo. Ita ke hawa ta zaro tiren kaya ta kawo wa ma'aji har bakin taga, ita ke mayarwa. Layi huɗu ne, na'ura huɗu, amma ta layin farko ta fi kowacce rigima, shi ya sa muka raɗa mata suna Tsohuwa.

Ranar da na fara koyon aiki a Kano, wurin Malam Dauda mai gyaran lif, ban taɓa sifana ba. Ya kai ni ɗakin inji a saman wani bene, ya nuna min fis ɗin da ke ba lif wuta, ya ce in zare in sa a aljihuna. Na zare na sa. Muka sauko, ya leƙa ramin lif ɗin, sai ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni fis ɗin nan." Ni kuwa ɗan gidan tarbiyya, na russuna na ba shi da hannu biyu. Ranƙwashin da na sha ran nan, har yau in na tuna sai na shafa kaina. Ya ce, "Kai za ka shiga ramin ko ni? Ko mahaifinka ne ya ce ka ba shi, ka ce ya yi haƙuri sai ka fito."

Darasi na biyu ya fi na farko cin rai. Ko an gama aiki, ko dukanmu muna tsaye a gabansa, Malam ba ya mayar da wuta sai ya bi ramin da tocila tun daga ƙasa har sama. Masu bene su yi ta tsaki, mata da kaya a ka su yi ta mita a bakin matakala, shi kuwa ko a jikinsa. Wata rana na gaji na ce, "Malam, ai duk ga mu nan." Ya ce, "Ku na san da ku. Wanda ban san da shi ba nake nema." Lokacin na ɗauka tsufa ne kawai ke damunsa.

Tare da Isa muka yi wannan koyo. Ɗan unguwarmu ne a Gusau, sa'ana ne, kuma tare muka zo Doha muka fara da lif ɗin dogayen benayen unguwar West Bay, kafin kamfaninmu ya samu aikin sito. Isa hannu gare shi. Zai ɗora tafinsa a jikin inji ya ce maka boris ya kusa tafiya, kuma in ka kwance sai ka tarar haka ne. Matsalarsa ɗaya, kullum sauri yake kamar wanda ya bar tukunya a wuta.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Mita ta gwajin wuta, tocila, sifanu, sukudireba, hular kwano, da ɗamarar da ake maƙalawa a jikin tsani don kada mutum ya faɗo. Sai abin da ya fi su duka ƙanƙanta, wato jan kwaɗo. A nan ba fis ake sa wa a aljihu ba. Kowane ma'aikaci yana da kwaɗonsa mai ɗauke da sunansa, makullinsa ɗaya tak. In za ka shiga layi, ka kashe babban makunni, ka rataya kwaɗonka ka datse. Muddin yana nan, ba mai iya ba na'ura wuta. In mutum biyar ne a ciki, kwaɗo biyar za ka gani. Mai kwaɗo ne kaɗai ke cire abinsa. In kuwa dole ta sa ba ya nan, sai an ji daga bakinsa, sannan a bi layin da ido tun daga ƙasa har sama kafin a taɓa. Da na ga wannan tsari na ce, ashe Malam Dauda ya riga su.

Masu hulɗa da mu makanikai ne da direbobi, kuma ba su san haƙuri ba. Ban ga laifinsu ba. A lokacin zafin ƙasar nan, bas ɗin da esinsa ya mutu ba bas ba ne, tanda ce. Direba zai shigo gumi na ɗiga daga gemunsa, makanike na biye da shi, su tsaya a bakin taga suna jiran fambel ɗaya. In Tsohuwa ta ƙi motsi, bas ya kwana a gareji, su kuma leburorin da ke jira a bakin titi su ci gaba da gasuwa. Ba ruwan kowa da wace waya ce ta tsinke. Kai za a kalla.

Muguwar shekararmu ita ce wadda ƙwaƙwalwar Tsohuwa ta fara ruɗewa. Ƙwaƙwalwa muke ce wa akwatin da ke ba ta umarni. An daina ƙera irin kayan cikinsa tun da daɗewa. Muka riƙa kwaso tsofaffi daga injinan da aka zubar, mu like wannan da wancan, ta yi aiki da safe, da rana ta tsaya a tsakiyar sama da tire a hannu kamar mai hidimar da ta manta ɗakin da aka aike ta. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai muka koma aikin hannu. Mu kashe wuta, mu rataya jan kwaɗo, ma'aikatan sito su ɗaura ɗamara su hau kantoci su zaro kaya da kansu. Akwai wata 'yar ƙofa ta baya a ƙarshen layin, ta nan suke shiga don ta fi kusa da tagarsu. Haka muka ci wannan bazara, kowa ya rame, ni kam har wandona sai da na ƙara wa bel huji.

A cikin masu hawan nan babu kamar Alhassan, wani ma'aji ɗan Zongo daga Kumasi, magidanci mai furfura a gefen kai amma jiki kamar na matashi. Ba ya iya ganin direba yana jira. Da ya hango jan kwaɗo a makunni, ka nemi Alhassan ka rasa, sai dai ka ga ya sauko da kaya a kafaɗa yana dariya yana cewa, "Malam, Tsohuwa na barci, mu muna aiki."

Bayan wannan shekara hukuma ta yarda a sabunta na'urorin. Wasu suka ba da shawarar a rushe komai a gina sabo, amma hakan na nufin rufe sito gaba ɗaya, kuma bas ba ya jira. Kamfaninmu ya ce zai iya barin kantoci da dogo yadda suke, ya canja injina da wayoyi da ƙwaƙwalwa, layi bayan layi, sauran ukun suna aiki. Aka ba mu layin Tsohuwa a matsayin gwaji, aka sa rana. Idan manya suka zo ran nan suka ga tana gudu, sauran layukan namu ne. Idan ba su gani ba, a ba wani kamfani. Kafil ɗinmu, wato mai kamfanin da zamanmu a ƙasar ke hannunsa, bai ɓoye mana ba. Ya ce in aikin ya kuɓuce, ba shi da abin da zai riƙe mu duka da shi, wasu sai gida. Ni da Isa kowa na da yara a makaranta, saboda haka kowa ya san abin da ke kan faifai.

Aikin farko shi ne wayoyi. Samari, ku da kuke cewa a cire tsohon akwati a sa sabo khalas, wato shi ke nan, ku zo ku ga abin da shekaru ke yi wa waya. Zanen da aka ba mu daban, abin da ke jikin na'ura daban. Duk wanda ya taɓa gyara ta ya bar ɗan tarihinsa: nan an tsallake, can an ɗaure da salatif, wata wayar ta tashi ja ta isa baƙa. Ɗaya bayan ɗaya muka bi su, Isa yana sama yana taɓawa, ni ina ƙasa da mita ina jiran ƙara. Ƙura kuwa ba a magana. Irin mai laushin nan ce da ke haɗuwa da giris ta zama kamar ƙullun ƙosai, ta toshe idanun na'ura, wato ƙananan fitilun da take gane inda take da su.

Aiki na biyu shi ne koya mata kantoci. Sabuwar ƙwaƙwalwa ba ta san komai ba, sai ka kai ta bakin kowace kanta ka ce mata nan ne. A nan ne mai gaggawa ke faɗawa rami. In ka koya mata kanta babu kaya, ranar da aka ɗora gangunan birki ƙarfen zai ɗan lanƙwasa, hannunta ya je ya daki tire maimakon ya shiga ƙarƙashinsa. In ka koya mata da sanyin safiya, da rana ƙarfen sama ya sha zafi ya miƙe, lissafi ya goce. Don haka da kaya muka koya mata, kuma da tsakar rana, lokacin da saman siton ke tafasa. Na sha hawa da gorar ruwa mai ƙanƙara, kafin in sauko ta isa haɗa shayi.

Da muka gama, Tsohuwa ta zama amarya. Da can in za ta tashi sai ta yi tari, ta yi ƙugi, sarƙa na ƙara, kurma ma ya san tana zuwa. Yanzu kuwa sulɓewa take yi, ba ƙara ba gargaɗi, kafin ka juya ta kai ƙarshen layi. Na yi murna, amma abin ya ɗan tsaya min a rai, don duk wanda ta tarar a wannan siririn layi ba shi da inda zai kauce.

Ranar gwaji da safe Isa ya shiga ya daidaita wani ido a ƙarshen layi, ya rataya kwaɗonsa kamar kullum. Yana fitowa aka kira shi daga ofishin kafil a West Bay, wai ya zo maza ya sa hannu a takardar sabunta katin zamansa. Ina gaban kwamfuta sai na ji an zura min abu a aljihun riga. Isa ne, makullin kwaɗonsa ya sa min. Ya ce, "Riƙe min, mutumina, in sun zo ka cire," ya fice. Na ƙwala masa kira, ina, har ya tare mota. Wannan hali namu ne mu 'yan gida. Makullin ɗaki, katin banki, har fasfo, sai mu ba ɗan'uwa ya riƙe mu ce amana. A ko'ina abu ne mai kyau, ban da bakin makunni. Haka kwaɗon ya wuni a rataye, mai shi yana wata unguwa.

Bayan azahar manya suka iso daga hedikwata, fararen riguna tas, mudir na biye da su, wato shugaban garejin. Mudir mutumin kirki ne, ya sha wuya tare da mu a muguwar shekara, kuma yana so mu ci wannan gwaji. Ya tafa hannu ya ce, "Yalla, Tukur, maza ba ta wuta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwaɗon Isa na kai."

"Ina Isan?"

"Ya tafi ofis. Makullin yana wurina."

Ya yi dariya ya ce, "To me ya rage?" Ya kira Isa, ya buɗe murya kowa na ji. Isa ya ce, "Tukur, ina tashar Mushairib ina canjin jirgin ƙasa, ba ka jin hayaniya? Cire mana don Allah, kada ka ɓata mana rana."

Na ce na ji, na kuma yarda Isa ba ya ciki. Amma kwaɗon ya daɗe a rataye, sai na bi layin tukuna. Mudir ya karɓi tocilata ya haska daga bakin ƙofa, ya yi kira da ƙarfi. Shiru, sai gurnanin manyan fankoki. Cikin layin duhu ne, don na'ura ba ta bukatar fitila, kuma hasken tocila ba ya kai can sama. Ya ce, "Ka gani? Ba kowa. Khalas."

Na ce, "Daga nan ba a gani, ranka ya daɗe. Sai na hau."

Babban baƙon ya dubi agogonsa. Ya ce suna da wani taro, in na'ura ba ta shirya ba a faɗa musu kawai. Mudir ya matso kusa da ni, ya rage murya ya ce, "Tukur, ka san ma'anar wannan. Mai kwaɗo da bakinsa ya ce ka cire. Ni na ɗauki nauyi."

Ba zan ɓoye muku ba, na kai hannu aljihu. Na tuna yarana, na tuna na Isa, na tuna watannin da muka yi muna gasuwa a sama. Makullin yana aljihuna, murɗawa ɗaya ce ta rage. Kuma ni kaina na fi zaton ba kowa a ciki. Amma hannuna ya ƙi. Na ce, "Ku yi haƙuri," na ƙara nawa kwaɗon kusa da na Isa, na ɗaura ɗamara, na shiga.

Bin layi ba aikin sauri ba ne. Ka hau, ka maƙala ɗamara, ka haska dama da hagu, ka cire, ka ƙara hawa. Ina tsakiya na ga haske ya shigo ta babbar ƙofa ya sake ɗaukewa, na san baƙi sun tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata tun da an riga an yi asarar, wallahi sai na ga ƙarshen layin nan, ko da ɓera ne in gaishe shi.

A can ƙarshe, kusa da rufi, tocilata ta faɗa kan takalmi. Ƙafa ɗaya a wannan kanta, ɗaya a waccan, an raba su a kan layin daidai inda na'ura ke wucewa. Sauran jikin yana cikin kanta har kafaɗa. Na daki ƙarfe da sifana, mutum ya zaro kai a hankali, rungume da kwamfuresan esi. Alhassan ne.

Na ce, "Alhassan! Me kake yi a nan?"

Ya yi murmushi, gumi na zuba. Ya ce, "Malam, wani direba ne, tun safe motarsa ba sanyi, yana ta roƙona. Abin kuma na nan layin. Na duba na ga jan kwaɗo. In jan kwaɗo na nan, Tsohuwa na barci, ko ba haka ba?"

Gaskiya ya faɗa. Mu muka koya masa haka, shekara guda cur. Bai san yau ce ranar gwaji ba, ba kuma wanda ya tuna da 'yar ƙofar baya.

Da muka sauko, mudir ya dubi Alhassan, ya dubi makunni, ya nemi akwati ya zauna. Ya yi ta salati. Washegari ya je hedikwata da kansa ya yi bayani, ya kuma tsaya wa Alhassan har aka bar shi da gargaɗi kawai. An saurari mudir, amma an ce rana rana ce, mun saɓa. Da aka sake zuwa Tsohuwa ta yi gudu kamar ba gobe, sai dai hukunci ya riga ya fita. Layi ɗaya aka ƙara mana, biyu aka ba wani kamfani. Kafil ya cika maganarsa, ya rage mutane, kuma sunan Isa na ciki.

Na rasa yadda zan dube shi. Ranarsa ta ƙarshe ya zo sito da kayan aikinsa kamar ba abin da ya faru. Ya ce akwai aiki ɗaya da bai gama ba. Muka zagaya baya, muka ɗaura wa 'yar ƙofar nan idon na'ura, yadda ko an ɓalle ta wuta za ta ɗauke. Muna tattara kaya na ce, "Isa, ka yafe min. Da na murɗa makullin nan, da kana nan."

Ya ce, "Da ina nan, ƙwarai. Ina nan ina kallon bakin tagar Alhassan kullum, wani ne a zaune." Ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni makullina."

Na ba shi. Ya ɗauko jan kwaɗonsa, ya rataya a 'yar ƙofar, ya datse, ya ja ya tabbatar. Sannan ya sa makullin a aljihu ya daddanna da tafin hannu. Ya ce, "Wannan karon ko kai ne ba zan ba ka ba."

Yanzu Isa yana Gusau yana gyaran injinan rijiyar burtsatse, kuma an ce yaran shagonsa sun san ranƙwashi. Mun gama layinmu na biyu, ina nan ina kula da su. Alhassan yana bakin tagarsa, ya ƙara furfura, har yanzu ba ya iya ganin direba na jira, sai dai yanzu ni yake zuwa ya tsare da mita.

To, mai cewa danna maɓalli ne aikinmu, ya zo ranar aiki in zagaya da shi bayan sito. Zai ga 'yar ƙofa, zai ga kwaɗo wanda rana ta ci jansa, da sunan mutumin da ya rasa aikinsa a jiki. Sabbin ma'aikata kan tambaye ni ina makullin yake. Sai in ce musu yana Gusau, a aljihun mai shi.